Kwastoma yana so in rubuta masa alkawarin shafin farko a Google

Rabi'atu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka riga ni a harkar ɗaga shafuka a sakamakon bincike da tallar Google. Akwai wani kamfani mai sayar da kayan ofis ta intanet, mun yi nisa da magana, sa hannu kawai ya rage. Sai shugabansu ya zo da sharaɗi: in rubuta a yarjejeniya cewa kalmomi 10 da ya zaɓa za su hau shafin farko cikin wata 3, in ba su hau ba in mayar masa da kuɗinsa. Hujjarsa ita ce wani ya riga ya yi masa irin wannan tayin, har ya ce shi kwana 30 sun ishe shi.

Na duba shafin nasu. Bai cika shekara da buɗewa ba, bayanin kayan duk kwafo shi aka yi daga masana'anta, kalmomin da yake so kuma manyan kantunan intanet ne suka mamaye su. Aikin ina son sa, amma ba zan rubuta abin da ba a hannuna yake ba. Yaya kuke faɗa wa kwastoma gaskiya ba tare da ya ɗauka gudun nauyi kuke yi ba?

Malam Nasiru:
Wa alaikumus salam. Malama Rabi'atu, kada ki sa hannu a kan wannan sharaɗin, ko da zai sa aikin ya kuɓuce miki.

Abu na farko, ki cire kanki daga tsakiyar gardamar. In ke kika ce ba ya yiwuwa, wancan ya ce yana yiwuwa, maganar mutum biyu ce, kwastoma kuma zai bi wadda ta fi yi masa daɗi. Ki nuna masa abin da Google da kansa ya rubuta a shafinsa na shawara ga masu neman wanda zai gyara musu shafi. An faɗa ƙarara cewa babu mai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya, an kuma gargaɗi mutane su yi hattara da mai irin wannan alkawarin, ko mai cewa yana da wata alaƙa ta musamman da Google. A 2017 Maile Ohye, wadda a lokacin ma'aikaciyar Google ce, ta yi bidiyo kan yadda ake zaɓar irinmu, ta ce galibi ana buƙatar wata 4 zuwa shekara guda kafin a aiwatar da gyare-gyare a kuma fara ganin amfaninsu.

Sannan ki bayyana masa dalili. Matsayi jeri ne. Shafinsa yana hawa ne in ya fi na wasu, su kuma waɗancan ba barci suke ba, kowa yana da mai yi masa aiki. Kina iya yin komai daidai, wanda ke samanki ya yi fiye da naki a watan.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mai kwana 30 ɗin nan zai iya cika alkawarinsa. Zai lallaɓa a canza kalmomin zuwa dogayen jimlolin da ba wanda ke nemansu, ko ya cusa sunan kamfanin a ciki, wanda dama shafin ne zai fito da shi. Ko ya kunna talla ya ɗauki hoton allo ya ce ga ka nan a sama. Mafi muni, ya sayo linki barkatai, wato ya biya wasu shafuka su sa mahaɗin da ke nuni zuwa shafin kwastoma don Google ya ɗauka yana da daraja. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda kantin J.C. Penney na Amurka ya hau saman sakamako a kalmomi da dama ta hanyar dubban linki da aka dasa a shafukan da ba ruwansu da kayansa. Google ya hukunta shafin ya yi ƙasa sosai. Kantin ya ce bai san da aikin ba, ya sallami kamfanin da ke yi masa. Mai aikin ya kama gabansa, hukuncin ya zauna a kan mai shafi. Wannan ne ya kamata kwastomanki ya ji.

Sadiq:
Malam Nasiru, ranka ya daɗe, na yarda kada ta sa hannu, amma ban yarda a tsaya nan ba. Mu 'yan wannan sana'ar mun mayar da "ya danganta" wurin fakewa. Mutum zai ciro kuɗi duk wata, ya tambaye ka me zai samu, ka ce babu tabbas, ga abin da Google ya ce. To ta ina zai bambanta ka da wanda bai iya komai ba? Shi ma haka yake cewa.

Ni ba na ba da tabbaci, amma ina ba da hasashe a rubuce: in abubuwa sun yi tsauri ga abin da muke sa rai, in sun tafi daidai ga shi, in an yi sa'a ga shi. Lissafin ba boka ba malam. Yawan masu binciken kalmomin a wata, kashi nawa ke danna shafin da ke matsayin da muke ganin za mu iya kaiwa, kashi nawa cikin masu shigowa ke saye, sai matsakaicin kuɗin ciniki ɗaya. Kowace lamba ina rubuta inda na samo ta, wadda zato ce in ce zato ce. Sau da yawa lissafin ne yake nuna wa kwastoma da idonsa cewa kalmar da yake mutuwar so, ko ya hau samanta, ba za ta mayar masa da kuɗinsa ba.

Malam Nasiru:
Sadiq, hasashen da ka rubuta mataki uku, kunnen kwastoma na ukun kawai yake ji. Bayan wata 6 shi zai ɗauko maka. Ga kuma tushen lissafin: adadin masu bincike da manhajojin nazarin kalmomi ke bayarwa ƙiyasi ne, na Google ma dunƙule shi yake yi, wani lokacin ya ba ka tsakanin kaza da kaza mai faɗin gaske. Shafin da Rabi'atu ke magana kuma sabo ne, bai tara cinikin da za a ce ga kashin masu saye ba. Zato a kan zato ke nan.

Sadiq:
Shi ya sa a sabon shafi nake jinkirta hasashen. Ina cewa a ba ni wata 3 na farko in gyara tushe in tara bayanai, a ƙarshensu zan ba da hasashe da lambobin shafinsa na gaskiya. Amma ina sa ranar a rubuce. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yi shekara ana karɓar kuɗi ba a taɓa faɗin inda aka dosa ba.

Hajiya Binta:
Ku ba ni dama in yi magana daga ɗaya ɓangaren, don ni ba mai yin aikin ba ce, mai biya ce. Ina da shafin sayar da kaya, na kuma yi hulɗa da masu irin aikinku.

Mutumin nan da ya ce a rubuta masa shafin farko, ba shafin farkon ne ya dame shi ba. Tsoro yake ji. Zai zuba kuɗi a abin da ba ya iya gani, bai san yadda zai gane ana aiki ko ba a yi ba, sai ya kama abu ɗaya da zai iya dubawa da kansa a wayarsa. In kun ƙwace masa wannan ba ku ba shi wani ba, kun bar shi hannu rabbana.

Wani da ya taɓa yi mini aiki, duk ƙarshen wata sai ya turo rahoto mai shafuka da yawa, cike da zane-zane masu launi. A sama akwai wata lamba da ya zagaye da ja, wai ƙarfin shafina ne, ta tashi daga kaza zuwa kaza. Ni kuwa in buɗe littafin oda in ga jiya i yau. In kira shi, ya ce a ƙara haƙuri. Haƙurin ba shi ne matsala ba, rashin sanin iyakarsa ne. Abin da nake so in ji shi ne me ka yi wannan watan, me ya motsa a ciniki, kuma wace alama zan gani in san lokacin dainawa ya yi. Wanda ya amsa mini ta ƙarshen nan tun ranar farko, shi zan ba aiki, ko ya fi kowa tsada.

Jamila:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin taɓo inda ke ciwo. Lambar da aka zagaye miki da ja, in Domain Authority ce ta kamfanin Moz ce, in Domain Rating ce ta Ahrefs ce. Suna da amfani wajen kwatanta shafuka a tsakaninmu, amma Google ba ya aiki da su, kuma ana iya kumbura su ba tare da an sayar da ko abu ɗaya ba.

Rabi'atu, ni inda nake farawa shi ne a zauna a yarda a kan inda aka tashi, kafin a taɓa komai. Ki shiga Search Console ɗinsu, wato asusun Google da ke nuna yadda shafi ke fitowa a bincike, ki fitar da bayanan, yana ajiye na wata 16 ne kawai, saboda haka ki adana kwafi. Ki raba masu shigowa gida biyu: waɗanda suka rubuta sunan kamfanin, da waɗanda suka rubuta sunan kaya ko buƙata. Na farkon dama sun san shi, ba aikinki ba ne ya kawo su. In kika bar su a haɗe, ranar da ya yi talla a rediyo lambobi za su tashi a ce ke ce, ranar da ya daina su faɗi a ce ke ce.

A kuma yarda da abin da za a kira sakamako. Oda ce? Kiran waya? Cika fom ɗin neman farashi? Kayan ofis galibi kamfanoni ke saye da yawa, mutum zai shigo yau ya duba, ya nemi farashi, sai bayan makonni ya biya ta banki, shafin bai ma sani ba. In ba a shirya yadda za a kama irin wannan cinikin ba, za ki kawo masa kasuwa rahoto ya nuna ba ki kawo komai ba.

Sai kwatance. Wata da watan da ya gabace shi yana yaudara a kasuwar da ke da lokacinta. A kwatanta da irin watan a bara in akwai bayanan. Masu tsofaffin shafuka su tuna cewa tsohon Google Analytics, manhajar ƙirga masu ziyarar shafi, ya daina karɓar bayanai a ranar 1 ga Yulin 2023, sabon kuma ba iri ɗaya yake ƙirga ziyara da shi ba. Kada a jera lambobin biyun a layi ɗaya a ce an ƙaru ko an ragu.

Game da shafin farko da yake so ya duba a wayarsa: abin da yake gani ba lallai shi abokin cinikinsa ke gani ba. Sakamako yana canzawa da wurin da mutum yake, da harshensa, da na'urar da ke hannunsa. Matsayin da Search Console ke nunawa ma matsakaici ne na duk lokutan da shafin ya bayyana. Kuma Google ya sha faɗin cewa kashi 15 cikin 100 na binciken da ake yi kullum bai taɓa ganin irinsa ba. Kalmomi 10 ɗin nan ɗan yanki ne na hanyoyin da mutane ke neman kayansa.

Auwal:
Ni ɓangaren tallar biya nake, kuma mutane suna ɗauka mu ba mu da wannan matsalar tunda ana kunnawa yau a fito yau. Fitowa daban, riba daban. Google Ads gwanjo ne da ake yi duk lokacin da wani ya yi bincike, kuma ba mai tayi mafi tsoka ne kullum ke hawa sama ba, ana duba ingancin tallar da shafin da take kai mutum. Farashin dannawa yana hannun abokan hamayya kamar yadda yake hannunka.

Akwai abubuwan da nake faɗa tun kafin a kunna, don in ba a faɗa ba su ne ke jawo kiran tsakar dare. Kasafin rana ba katanga ba ce: Google zai iya kashe har ninki biyu nasa a rana ɗaya, amma a wata ba zai caje ka fiye da kasafin sau 30.4 ba. Kwastoman da bai san wannan ba, ya buɗe asusu ya ga an ninka, ya gama yanke hukunci an cuce shi. Haka tsarin tayi mai sarrafa kansa, wanda Google ke sa maka farashin gwanjon da kansa, yana buƙatar lokacin koyo, kuma duk babban canji yana iya mayar da shi baya. Google ma yana ba da shawarar a auna shi a tsawon lokacin da ya tara aƙalla ciniki 30. Wanda ke samun ciniki 5 a wata, in ya ce a yanke hukunci bayan mako guda, babu abin da za a auna.

Sai masu neman tallarsu da kansu. Ya rubuta kalmar safe da yamma, bai gani ba, ya kira a fusace. Ina nuna masa wurin gwajin talla da ke cikin asusun, ya duba a can ba tare da ya lalata lissafi ba. Kuma ina faɗa da baki ɗaya cewa biyan talla ba ya ɗaga shafi a sakamakon kyauta, wato wanda ba talla ba, alamar Google Partner da ake ba kamfanonin talla ma ta harkar talla ce kawai.

Shawarata ga Rabi'atu: tunda yana gaggawa, ki ba shi ƙaramin gwajin talla a kan kalmomin nan 10 nasa. Cikin 'yan makonni zai ga waɗanda ke kawo masu saye da waɗanda ke kawo masu kallo. Daga nan shi da kansa zai sake jerin.

Rabi'atu:
Na gode ƙwarai. Yaya Auwal, wannan ta gwajin talla ta shige ni. Amma maganar mayar da kuɗi fa? Na san zai ce in na yarda da aikina me ya sa ba zan ɗauki kasada tare da shi ba.

Kabiru:
Kafin a amsa miki wannan, ki tambaye shi wa zai aiwatar da gyaran. Ni mai gina shafuka ne, ta hannunmu shawarwarinku ke bi, kuma ina ganin inda suke maƙalewa. Za ki rubuta a gyara saurin shafi, a sake bayanin kaya 200, a gyara tsarin rukunoni. Takardar ta zo wurin mai gini ɗaya da ke fama da wurin biyan kuɗi da ya lalace, ta kwanta wata 2. Bayanin kayan kuma sai manaja ya amince, manaja ya yi tafiya. Agogon wata 3 ɗinki yana tafiya, ba a taɓa komai ba.

Na taɓa karɓar wani shafi da aka sake wa fasali gaba ɗaya ba a sanar da mai kula da binciken ba. An canza adireshin kowane shafi ba a yi turawa daga tsoho zuwa sabo ba, an kuma bar alamar nan da ke hana Google saka shafi a jerinsa, wadda aka sa lokacin gwaji. Layi ɗaya ne a cikin lambar shafi. Masu ziyara suka ɗauke, mai kamfanin kuma wanda ya fara kira da faɗa shi ne mai kula da binciken.

Saboda haka yarjejeniya ta ɗaure ɓangare biyu. Ke za ki kawo kaza a rana kaza. Shi zai aiwatar ko ya amince cikin kwana kaza, zai ba ki damar shiga abin da kike buƙata, ba zai canza fasali ko adireshi ba sai da saninki. In ya makara, jadawali ya matsa. Kuma in yana harin lokacin da kasuwarsa ke tashi ne, a fara watanni kafin lokacin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sadiq:
A kan kasada, ni ina ganin yana da gaskiya rabi. Ana iya yin kuɗin aiki tsayayye da ƙarin lada in an wuce wani mizani da aka yarda da shi, misali cinikin da ya zo daga binciken da ba na sunan kamfani ba. Wannan adalci ne.

Malam Nasiru:
Ladan ƙari ban ƙi ba, in dai ma'aunin a tsaftace yake kamar yadda Jamila ta bayyana. Mayar da kuɗi a kan matsayi ne na ƙi. Duk wanda abincinsa ya rataya a kan lamba ɗaya cikin wata 3, za a wayi gari ya fara duban gajeriyar hanya, shafin kwastoma kuma shi zai biya. In yana son kariya, a ba shi ta gaskiya: yarjejeniya gajeriya, damar fita da sanarwar wata guda, da mayar da kuɗi in ba a kawo aikin da aka lissafa ba. Wannan a hannunki yake, ki ɗaure kanki da shi ba tsoro.

Akwai kuma abin da dole a faɗa tun ana dariya, wato garambawul ɗin da Google ke yi wa tsarinsa na jera shafuka sau da dama a shekara. Sauyin da aka kira Panda a 2011 ya rusa shafuka masu bayanin banza, wanda aka kira Penguin a 2012 ya bi masu linkin bogi. Babban sauyin Maris 2024 ya fara ranar 5 ga wata, bai kammala ba sai 19 ga Afrilu, kwana 45 ana hawa da sauka. A irin wannan lokacin lambar ranar Talata ba ta gaya maka komai game da ta Juma'a. Google da kansa yana cewa a jira a gama kafin a yanke hukunci, kuma farfaɗowa na iya ɗaukar watanni, wani lokacin sai wani sauyin ya zo.

Kwastoman da ya ji wannan a zaman farko, ranar da abin ya faru zai ce ai kin faɗa. Wanda ya fara ji bayan an faɗi, uzuri zai ɗauke shi. In kuma an faɗi, ke za ki fara kira, kada ki bari ya gano da kansa. Ki gaya masa me ya sauka, waɗanne shafuka, me kika tabbatar, me kike dubawa, yaushe zai sake ji daga gare ki.

Hajiya Binta:
Malam, duk na ji, amma har yanzu ba a amsa tawa ba. Wace alama zan gani in san a ci gaba ko a tsaya? Don "sauyin Google ne" ma ana iya fakewa da shi shekara guda.

Jamila:
Gaskiyarki Hajiya. Ciniki shi ne na ƙarshen zuwa, amma akwai abubuwan da ke riga shi, kuma a jere suke zuwa. Da farko aikin kansa: an yi abin da aka ce za a yi? Wannan tun watan farko za ki iya dubawa, ki buɗe shafin ki gani da idonki. Bayansa Google ya shigar da sababbin shafukan cikin jerinsa. Sai su fara bayyana a bincike ko da a can ƙasa ne, yawan bayyanar yana ƙaruwa, kalmomin da ake ganinki da su suna yawaita. Sai dannawa, sai oda. In an kai wata 3 ana aiwatar da gyara amma ko bayyana ba ta motsa ba, ki nemi bayani mai gamsarwa. In an kai wata 6 ba dannawa ba alamarta, kuma ba ɓangarenki ne ya riƙe aikin ba, zama ya kama a sake dabara ko a rabu. A kasuwa mai tsananin gasa lokacin zai fi haka, amma a faɗi nasa tun farko a rubuta.

In an ce miki sauyin Google ne, ki ce a nuna miki ranar. Google yana sanar da ranar farawa da ta gamawa na manyan sauye-sauyensa a fili. In faɗuwarki ta riga ranar, wani abu ne daban.

Auwal:
Hajiya, ƙari ɗaya: asusun talla, da Search Console, da Analytics, da sunan shafin, duk su kasance da sunanki, ke ki ba mai aiki izinin shiga. Wanda ya ce sai dai a nasa asusun, ranar rabuwa da tarihinki zai tafi.

Sadiq:
Wani abu da ya sa jerin Jamila yake buƙatar gyara yanzu: tun Mayun 2024 da Google ya fara saka amsar AI Overviews, wato taƙaitacciyar amsar da na'ura ke rubutawa, a saman sakamako a Amurka, daga baya ya faɗaɗa zuwa ƙasashe da yawa, bayyana da dannawa ba sa tafiya tare kamar da. Shafi zai riƙe matsayinsa, mutum ya karanta amsa a sama ya wuce. Wannan ya fi taɓa shafukan bayani irin "yaya ake kaza". Saboda haka ko an ba mutumin nan shafin farkon da yake nema, tallace-tallace da hotunan kaya da taswira da amsar na'ura suna iya tura shi inda sai an gangara kafin a gan shi.

Jamila:
Haka ne, shi ya sa nake raba rahoto tsakanin shafukan bayani da shafukan kaya. Na bayani ina auna su da ko suna tura mutum zuwa kaya ko ya bar lambarsa, na kaya ina auna su da oda. In aka cakuɗa su, raguwar masu karatu za ta rufe ƙaruwar masu saye, kwastoma ya firgita a watan da ya fi samun riba.

Rabi'atu:
Anti Jamila, rahoton naki na wata yaya yake? Kuma wajen raba masu neman sunan kamfani, da hannu kike yi?

Jamila:
Shafi ɗaya ne. A sama oda da neman farashi da suka zo daga bincike, kusa da na ranar da aka tashi. Ƙasa da shi abin da aka yi a watan, da abin da ke jiran ɓangarensu tare da ranar da aka miƙa musu. Sai abin da za a yi a wata mai zuwa. Sauran zane-zanen suna rataye a baya ga mai son dubawa. Kuma ba na turawa kawai, muna yin waya ta minti 20 mu bi shi tare, don a nan ne nake jin ko masu cika fom ɗin masu saye ne da gaske, ko ma akwai wanda ke kiransu.

Rabawar kuma a Search Console nake yi, da matatar kalmomi. Ki sa sunan kamfanin da duk yadda mutane ke kuskuren rubuta shi, haɗe da rabe, da gajartawarsa, ki ware su gefe. Ki lura da abu ɗaya: Google yana ɓoye kalmomin da mutane ƙalilan suka nema saboda sirrinsu, don haka in kika tara gida biyun ba za su kai jimillar da ke sama ba. Ki nuna masa wannan giɓin a zaman farko ki rubuta shi a ƙasan rahoton, don akawunsa zai tara lambobin ya tambaya.